Harshe Ɗaya a Katin Asibiti: Ribarsa da Asararsa ga Mutanen Ketu

A watan Yunin 2024 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Legas, kuma ƙaramar hukumar Kosofe, inda Ketu da kasuwar Mile 12 suke, tana cikin wuraren da abin ya fi ƙamari. A irin wannan lokaci, abin da malamar asibiti ta rubuta a kati yana iya ceton unguwa guda. Idan wannan ta rubuta ciwon ciki, waccan ta rubuta gudawa, ta uku ta ce ƙarancin ruwa a jiki, mai tattara rahoto a ofishin gwamnatin jiha da ke Alausa zai ƙidaya cututtuka uku, alhali annoba ɗaya ce ke yawo.

Don toshe wannan ɓaraka aka ƙirƙiro daidaitattun kalmomin aikin jinya. Akwai na ƙungiyar NANDA da aka kafa a 1982, amma wanda ya fi dacewa da aikin cikin unguwa shi ne Tsarin Omaha, wanda ma'aikatan jinya masu bi gida-gida suka fara gina shi a jihar Nebraska ta Amurka cikin shekarun 1970. Ya tsara matsaloli 42 a rukuni huɗu: muhalli, zamantakewa da halin zuciya, lafiyar jiki, da ɗabi'u. Kowace matsala ana ba ta maki daga 1 zuwa 5.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ya sa muhalli a sahun gaba. Tsafta, wurin kwana, abin shiga aljihu, duk suna da gurbinsu. Ɗan dakon da ke sauke kwandunan tumatir tun asuba, ya kwana kan benci a rumfa, ya sha ruwan da ɗan garuwa ya ɗebo a jarka, tsarin zai tilasta a tambaye shi waɗannan abubuwa kafin a miƙa masa ƙwaya. In katuna ɗari suka nuna matsala ɗaya a layi ɗaya, an samu hujjar da za a je da ita gaban shugaban ƙaramar hukuma a nemi famfo ko a yashe kwata. Haka nan ɗan ciranin da ya koma Funtuwa da damina, malamin asibitin garinsu zai karanta katinsa ya gane ba tare da sabon bincike ba.

Sai dai kalmomin da Turanci aka tsara su, don rayuwar da ba tamu ba. Bahaushe zai ce basir ke damunsa, ko shawara, ko sanyi, kuma kowanne yana ɗauke da cututtuka da dama a cikinsa. Maganar za ta bi ta bakin tafinta, wani lokaci yaro ƙarami, ta shiga Yarbanci ko buroka, sannan ta faɗa gurbin fom ɗin da ya fi kusa. Matar da kunya ta hana ta faɗin ciwon mara a gaban ɗanta sai a rubuta mata zazzaɓi kawai. Kuskuren da ya shiga kwamfuta cikin tsari mai kyau kuwa ya fi wuyar ganowa, domin kowa zai ɗauka gaskiya ne.

Ga kuma lokaci. Malama ɗaya, layi har waje, wuta ta ɗauke: cika fom yana cinye mintunan sauraro.

A ganina ribar ta rinjayi asarar, amma da sharaɗi biyu. A bar layi a katin inda za a rubuta maganar majinyaci da bakinsa, kusa da kalmar hukuma. Sannan kowace cibiyar lafiya a Kosofe, daga Ikosi zuwa Agboyi, ta samu ma'aikaciya mai jin Hausa, kuma shugabannin kasuwar Mile 12 su ne ya kamata su kai wannan buƙata gaban hukuma.