KADA A RUSHE TSOHON RUMBU

Duk manomin da ya san ciwon kansa a Ruwan Godiya, idan ya gina sabon rumbu, ba ya taɓa tsohon sai ya kwashe hatsinsa, ya ƙidaya dammansa, ya tabbata babu wanda ya salwanta a hanya. Wannan hikima ta iyaye da kakanni ita muke so mu tuna wa jama'a game da wata ajiya da zamani ya kawo, watau hotunan da ke cikin wayar hannu.

A dā, mai son hoto sai ya sa babbar riga ya tafi Funtuwa wurin mai ɗauka, a wanke masa guda ɗaya ya adana a ƙasan akwati. Yau kuwa waya ɗaya tana ɗauke da hotunan suna da na aure da na saukar Alƙur'ani, da takardun gona, da fuskokin iyaye waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wayoyi da yawa suna aika kwafin waɗannan hotuna zuwa manyan na'urori na kamfanonin ƙasashen waje. Wannan shi muke kira rumbun intanet. Amfaninsa a fili yake, balle a ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, inda rashin tsaro ya raba mutane da yawa da gidajensu da kayansu: ko waya ta tafi, hoto yana nan.

To, amma rumbun ba namu ba ne, aro ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Tun ran 1 ga Yuni, 2021, kamfanin Google ya daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka. Abin da yake bayarwa kyauta gigabait 15 ne, kuma a cikinsa wasiƙun imel suke cin nasu rabo. Apple da Microsoft kuwa gigabait 5 kowannensu ke bayarwa. Idan wuri ya cika, sai mutum ya biya kuɗin haya, ko ya rage kaya, ko ya ƙaura. Ba mu ga laifin mai ƙaura ba. Abin da muke tsoro shi ne garaje.

Kada a ce ai manyan kamfanoni ba su kuskure. A 2019 kamfanin MySpace na Amurka ya amsa da bakinsa cewa waƙoƙi da hotuna na shekaru masu yawa waɗanda jama'a suka ba shi ajiya sun salwanta sa'ad da yake kwashe su daga tsofaffin na'urori zuwa sababbi. Idan masu sana'ar sun yi irin wannan hasara, ina ga talaka mai ƙaramar waya?

Saboda haka ga shawararmu. Da fari, kwashewa ake yi kafin sharewa. Google yana da wata hanya mai suna Takeout, wadda mutum zai nemi kwafin dukkan hotunansa, ko kuma ya sa a tura su kai tsaye zuwa wani rumbu kamar OneDrive, ba sai sun bi ta wayarsa sun cinye masa data ba. Na biyu, a ƙidaya. A duba yawan hotunan tsohon wuri da na sabo, a buɗe waɗansu na kowace shekara a gani da ido, domin sau da yawa kwanan watan hoto yakan rikice a hanya. Na uku, a sani cewa idan waya tana haɗe da rumbu, share hoto a wuri ɗaya yana iya share shi a ɗayan. Sai a bar tsohon rumbu yadda yake har wata guda ko biyu, hankali ya kwanta tukuna.

Na huɗu shi ne mafi girma: a riƙe kwafi guda a hannu. Mutanen wannan yanki ba su bukatar dogon bayani a kan haka. A watan Satumba na 2021 aka rufe hanyoyin sadarwar waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina domin yaƙi da 'yan bindiga, Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa suna ciki. Har tsawon watanni, wanda takardarsa take rumbun intanet kaɗai bai iya ganinta ba sai ya yi tafiya. Katin memori ba shi da tsada. A zuba hotuna a ciki a ajiye wurin ɗan'uwa a wani gari, waɗanda suka fi daraja kuwa a wanke su a takarda.

Har wa yau a kula da mabuɗi. Mabuɗin rumbu shi ne kalmar sirri da layin wayar da aka yi rajista da shi. Wanda ya bari aka rufe layinsa don bai haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa ba, yana iya tsayawa bakin ƙofar ajiyarsa ya kasa shiga. Kuma tun Disamba, 2023, Google yana da ikon share asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa ba. Wanda zai nemi taimakon mai shagon waya, to, ya tsaya a yi aikin a gabansa, kuma ya sake kalmar sirri da zarar an gama, domin hotunan iyali sirri ne.

Muna kira ga malaman makaranta da samari masu ilmin zamani su zauna da iyayensu su nuna musu waɗannan abubuwa. Hatsin da ya zube ana iya noma wani baɗi, amma hoton mamaci ba a sake ɗaukarsa. Allah ya sa mu gane, amin.