Kafin a Kunna Nukiliya, a Fara Gwada Mu a Nima

Ni ba na adawa da tashar nukiliyar da Ghana ke shirin ginawa a Nsuban, can yammacin ƙasa. Wanda ya sha duhun dumsor ba zai raina wuta ba. Faɗana da masu cewa mu kwantar da hankali ne, wai akwai doka, akwai hukuma.

Eh, akwai. An kafa hukumar sa ido kan nukiliya da dokar 2015, NADMO kuwa tun 1996 take. Ƙaramin injin bincike na Kwabenya ma ya daɗe yana aiki lami lafiya. Amma ƙarfinsa kilowat 30 ne kacal, tashar lantarki kuwa ta ninka shi dubbai. Kiwon kaza daban, kiwon raƙumi daban.

Mu duba abin da idonmu ya gani. Ran 3 ga Yunin 2015 ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle, mutum sama da 150 suka rasu. A Oktoban 2017 iskar gas ta fashe a Atomic Junction, jama'a suka yi ta gudu ba wanda ya san inda aka nufa. Wannan fa wuta ce da ake gani. Tururin nukiliya ba shi da launi, ba shi da wari. Sai an gaya maka, da harshen da kake ji.

Za a ce Nsuban na da nisa da Accra. Gaskiya ne, amma akwai zango a Sekondi da Takoradi, kuma hukumomin da za su je can su ne dai namu na nan. A Fukushima a 2011, tsofaffi da marasa lafiya da yawa wahalar kwashewa ce ta kashe su, ba tururin ba. Ƙasar Jafan ke nan. To ina ga lungunanmu da motar asibiti ba ta shiga?

Ga buƙatata. A rubuta tsarin gaggawa da Hausa, a karanta a rediyo. A sa limamai da sarakunan zango a ciki, tunda lasifikar masallaci ta fi takardar ofis saurin kai saƙo. A faɗa mana inda za a ajiye ƙwayar ayodin mai kare maƙogwaro, da wanda zai raba ta. Sannan kafin damina mai zuwa a yi atisayen kwashe mutane a Nima da Maamobi, da agogo a hannu, a bayyana sakamakon. In an ci wannan jarrabawa, sai a zo mu yi maganar Nsuban.