Kada a Yi Gaggawar Shafe Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gyaran kwamfuta a birnin Katsina a lokacin da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Al-Ƙalam ke haɗa kundin kammala digiri, ya san yadda abin yake. Ɗalibi ne zai shigo da kwamfuta a hammata, ido ya yi ja, ya ce jiya yana cikin aiki aka ɗauke wuta, yau kuwa ta ƙi wuce tambarin Windows. Amsar da aka fi ba shi ita ce a yi mata fomatin, wato a shafe kome a zuba sabo. Manufar wannan tsokaci ita ce a nuna cewa akwai garaje a cikin wannan amsa, musamman idan abin da ya hana na'urar tashi manhajar nan ce da ake sa mata domin ƙarin sauri.

Ya kamata a fara fahimtar aikin ita wannan manhaja. Faifan ajiya yana da nawa, ƙwaƙwalwar wucin gadi kuwa tana da hanzari, sai dai kome ke cikinta yakan ɓace da zarar wuta ta ɗauke. To, manhajar kamar yaron shago take. Kayan da aka fi nema yakan tara su bisa tebur, don kada a yi ta zarya zuwa sito. Wannan ba laifi. Inda gizo ke saƙa shi ne idan aka ba yaron ajiya, ya ce an kai sito, alhali tana hannunsa yana jiran ya sami sarari. In wuta ta ɗauke a daidai wannan lokaci, ajiyar ta salwanta, wani sa'in ma lissafin siton ya rikice. Washegari kuma, da yake manhajar tana cikin na farkon tashi, in ta yi tuntuɓe sai ta tare wa sauran hanya. Amma fa mafi yawan abin da aka riga aka kai sito yana nan daram.

Matsalar ba baƙuwa ba ce. Manhajar SmartDrive ta kamfanin Microsoft, wadda ta zo da Windows 3.1 a 1992, tana jinkirta rubutu zuwa faifai, kuma mutane da dama sun yi asara saboda kashe na'ura kafin ta gama. A 1993 MS-DOS 6 ta zo da dabarar danna F5 don a tsallake umarnin farkon tashi gaba ɗaya, ko F8 don a bi su layi-layi a ƙyale wanda ke kawo cikas. Ashe tun shekaru talatin da suka wuce an tanadi ƙofar baya.

Har yanzu ƙofar tana nan, siffarta kawai ta sauya. A Windows 10 da 11, idan tashi ya faskara sau biyu ko uku a jere, na'urar da kanta takan buɗe shafin gyara. Daga nan ake zaɓar hanyar da masu gyara ke kira sef-mod, inda ba a tayar da yawancin manhajojin da aka ƙara, sai a cire mai laifin. In hakan ya gagara, a tayar da na'urar daga filas mai ɗauke da Ubuntu, a kwashe takardu tukuna, sa'an nan a yi maganar shafewa. Aiki ne na sa'a ɗaya ko biyu. Mai gyara yana da uzurinsa, domin layi ya yi tsawo kuma fomatin ta fi sauƙi, amma uzurin bai kai a yi asarar wahalar shekara guda ba.

Asarar ɗalibin Hausa kuwa ta fi ta saura ciwo. Babin bitar ayyuka ana iya sake rubuta shi. Amma hirar da aka naɗa da wata tsohuwa a Unguwar Alƙali a kan waƙoƙin daka, ko da dattijon da ya san tarihin Gobarau da Wali Ɗan Marina daga bakin iyayensa, ba lalle ba ne a sake samun mai ita da rai, balle da ƙarfin maimaitawa.

Saboda haka, a garin da wuta ba ta da tabbas, jinkirta rubutu caca ce. Ba a manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu kwana da kwanaki, ɗalibai suka koma ga janareta mai mutuwa ba sallama. Ga shi kuma kwamfutocin ɗalibai da yawa na gwanjo ne, batirinsu ya daɗe da mutuwa. Ita kanta Windows tana da wurin kashe wannan jinkiri, har da gargaɗi a rubuce cewa ɗaukewar wuta na iya ɓata bayanai. Ya dace malamai masu duba kundi su riƙa tambayar ɗalibi inda kwafi na biyu na hirarrakinsa yake, tun ranar da ya dawo daga fagen bincike, kafin ma a karɓi babi na ɗaya.