Hukuncin Cin Abinci da Azumin Wanda Aka Yi wa Aikin Rage Tumbi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wani bawan Allah daga Gangara ta ƙasar Jibiya, mai fataucin hatsi tsakanin iyakar nan da Maraɗi, ya aiko mana da tambaya. Ya ce ƙiba da ciwon sukari sun matsa masa har ya fita waje aka yi masa aikin rage tumbi, yau wata 4 ke nan. Jiki yana ta zubewa, wasu suna cewa ya canja halittar Allah, wasu kuma suna raɗa cewa sammu ne. Yana so ya san matsayinsa a Shari'a, da kuma hukuncin azuminsa.

Malamanmu ba su yanke hukunci a kan abu sai sun san surarsa, don haka mu fara da aikin kansa. Likita Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka shi ya fara shi a 1966. Ana yanke ɗan sashe daga saman tumbi a mai da shi 'yar jaka wadda ba ta wuce girman ƙwan kaza ba, watau kamar mililita 30, sa'an nan a haɗa ta da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Mutum ya kan ƙoshi da loma kaɗan, kuma abin da ya ci ɗin ma ba duka jiki ke tsotsa ba. Mafi yawan ramar tana faruwa cikin wata 12 zuwa 18 na farko. Wannan ita ce ramar da maƙwabta ke kira sammu.

Game da halaccinsa kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya a Malesiya cikin 2007, ta halatta rage ƙiba ko da ta hanyar fiɗa ne, in ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya sai ita, kuma an amince daga cutarwa. Wanda ya yi don neman lafiya magani ya yi, ba canja halitta ba. Wanda ya yi don ƙawa kawai, wannan magana ce dabam.

Amma inda nake so masu karatu su tsaya shi ne nan: wanda ya yarda aka yanka cikinsa ya ɗauki wata amana, domin kiyaye rai yana daga cikin manyan abubuwan da Shari'a ta zo ta tsare, cutar da kai kuwa haramun ne. Saboda haka bin ƙa'idar likita a wajen ci ya zama wajibi a kansa, ba zaɓi ba. Ƙa'idar kuwa sananniya ce. Ana farawa da ruwa-ruwa, sai dame-dame, sai abinci mai laushi, kafin a kai ga mai tauri bayan kamar mako 6 zuwa 8. Ana so ya sami giram 60 zuwa 80 na sinadarin gina jiki kowace rana, shi ya sa zai fara da ƙwai, ko kifi, ko wake, ko nono marar sukari, ko naman da ya dahu luguf, tuwo kuwa sai in wuri ya ragu. Ruwa lita 1 da rabi ko fiye, kurɓi-kurɓi, ba tare da abinci ba, sai bayan kamar minti 30. Ƙwayoyin bitamin, da na ƙarin jini, da na ƙarfin ƙashi, waɗannan har ƙarshen rayuwa ne. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda fatake suka saba saye a kemis in gajiyar hanya ta kama su, suna iya jawo gyambo a 'yar jakar nan, sai a nisance su.

Abokin gabar ɗan kasuwa a nan ba yunwa ba ce, kunya ce. Ya sauka wurin mai masauki a Maraɗi ko Ɗan Isa, an kawo fura da sukari, an kawo lemon kwalba, an haɗa shayi mai kauri da madara, in ya ƙi a ce ya rena mutane. To, zaƙi in ya faɗa hanjin mai wannan aiki kai tsaye, sai zuciya ta riƙa bugawa, gumi ya keto, jiri da zawo su biyo baya. In kuwa ya saba da shi a hankali, ƙibar da ya kashe dukiya don ya rabu da ita ta kan dawo, domin abin sha mai zaƙi ba ya cika jaka, wucewa ya ke yi. Amsa gayyata sunna ce, amma cinye abin da aka ajiye ba sharaɗinta ba ne. Ya zauna, ya taɓa abin da ya dace da shi, ya yi wa mai gida addu'a, ya faɗi uzurinsa a fili. Masu masauki su ma su ji: tilasta wa marar lafiya ci ba karamci ba ne. Hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikarib, na kasa ciki kashi uku, da ma mun yi aiki da shi tun muna samari, da da yawanmu ba su kai ga wuƙar likita ba.

Sai azumi. Aya ta 184 da ta 185 cikin Suratul Baƙara sun ba marar lafiya damar ya sha ya rama. A mazhabarmu ta Malikiyya, shan azumi ya halatta ga wanda ke tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, ya kuma wajaba ga wanda ke tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. Mai wata 4 da aiki ba zai iya shan ruwan yini guda tsakanin magariba da asuba ba sai da wahala, ga zafin ƙasar Jibiya wanda kan haura digiri 40 a bazara. Likitoci da yawa sukan hana azumi a shekarar farko. In likita masani amintacce ya hana mai tambaya, to ya sha, kada ya ɗauki taurin kai a matsayin tsoron Allah. Zai rama in ya sami lafiya, ba sai a jere ba. In uzurin ya zarce har wani Ramadan ya riske shi, ramuwa kaɗai ke kansa babu ciyarwa, tun da ba sakaci ya yi ba.

Ranar da likita ya sake shi ya koma azumi, ya buɗe baki da ruwa kaɗan-kaɗan, ko dabino guda ɗaya tak, ya bar kunu mai sukari da ƙosai mai maiƙo, ya rarraba cinsa har zuwa sahur, ya jinkirta sahur ɗin. Allurar bitamin B12 kuwa, in an ɗora shi a kanta, a yi masa da dare don fita daga saɓanin malamai. Wallahu a'alamu.