Kwamfuta Ma Da Sunan Gari Take Kira

Ina so in sa baki a wata gardama da ta tashi a ƙungiyarmu ta kwamfuta zangon da ya wuce, don ni na jawo ta, har saura kaɗan ta ja mini biyan abin da ban ɓata ba.

Muna da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka wadda malaminmu ya sa wa Ubuntu. Shi Ubuntu reshe ne na Linux, watau babbar manhajar nan da Linus Torvalds ya fara rubutawa a ƙasar Finland a 1991, wadda kowa yana iya ɗauka kyauta ya gyara. Da ita muke koyon hannu, tun da jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta tun 2015. Ran nan sai ta ƙi kama Wi-Fi. Na ɗauko wani tsohon littafi na kwafi umarnin da ke ciki, na ce a kunna wlan0, wai sunan katin da ke kama intanet ke nan. Kwamfuta ta ce ba ta san mai wannan suna ba. Nan take wani na gaba da mu ya ce ai na ƙone katin, sai Baba ya zo daga Gwaram ya biya. Kai, daren nan ko tuwo ban iya ci ba.

Kashegari Malam ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ka tambaye ta sunansa kuwa?" Ya sa na rubuta ip link. Sai ga sunaye sun jeru, a cikinsu har da wlp2s0. Ashe kati lafiyarsa ƙalau, a kashe kawai yake, ni ne na yi ta sallama da sunan da ba nasa ba.

Ga yadda abin yake. A da, Linux yana raɗa suna ne bisa wanda ya fara bayyana in an kunna: na fari wlan0, na biyu wlan1. In katin biyu ne, yau wannan ya riga, gobe wancan, sai sunaye su sauya. A 2013 masu manhajar systemd suka kawo sabon tsari, Ubuntu ya bi a 2015. Yanzu wl na nufin maras waya, p2 layi na 2 a cikin injin, s0 kuma gurbin da katin yake zaune.

To, abokaina sun ce sunan nan mummuna ne, a mayar da na da. Ana iya mayarwa kuwa, in aka ƙara net.ifnames=0 a umarnin tashin injin. Ni dai ban yarda ba. Ajinmu nan Birnin Kudu akwai Musa uku. Da ana ce da wanda ya fara shiga aji Musa na Ɗaya, ai kullum sai an buga wa wani makin wani a rajista. Don haka ake kiran kowa da garinsu, kamar yadda aka san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari da sunan garuruwansu tun suna makaranta. Dabarar da kakanninmu suka yi ke nan, ita ce masu Linux suka zo suka yi wa katinsu.

Amma fa sai in faɗi gaskiya, wani wurin abokaina suna da hujja. Ƙaramin katin nan na USB da ake sokawa a gefe, sunansa yakan fara da wlx, sa'an nan lambarsa ta masana'anta ta biyo, baƙaƙe 15 cif. Wa zai haddace wannan ga Lissafi yana jira? Kuma ko sabon sunan yana iya canjawa in aka buɗe injin aka ƙara wani kati. Duk da haka kwafar baƙaƙe 15 daga allo ta fi sauƙi bisa neman wanda ya sauya suna cikin dare.

Roƙona ga shugabannin ƙungiya shi ne a bar sunan yadda yake, a rubuta ip link a kwali a manna jikin bango, don 'yan aji ɗaya da za su shigo. Littafin nan kuwa na mayar da shi laburare, na rubuta gyara da fensir a gefen shafin.