Zuwa ga Masu Haɗa Abincin Kajin Nama



Maganar garin laimiston ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin arharsa na sa hannunmu ya saki idan muna haɗi. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kaji a sati na huɗu ya tarar da buroila a gurfane, ƙafa ta karkace, ko wurin ruwa ba sa iya kai kansu, ya san takaicin da nake nufi. Nan da nan sai a ce kalsiyam ne ya yi ƙaranci, a ƙara laimiston. Sau da yawa ƙarin nan ne ke dagula lamarin.

Ƙashin kaza na buƙatar kalsiyam da fosfaras tare, da bitamin D3. A abincin 'yan tsaki ana son kalsiyam kusan kashi 1 cikin 100, fosfaras ɗin da jiki zai iya ɗauka kuma kusan rabin haka. Masara da waken soya suna da fosfaras, sai dai kusan kashi biyu cikin uku a ɗaure yake cikin wani sinadari da ake kira fayitet. Hanjin kaza ba ya iya kwance shi sosai, sai ya bi kashi ya fice. Aikin fayitez ke nan, wannan ɗan garin da kuke saye da tsada: shi ke kwance ɗaurin.

To, idan kalsiyam ya yi yawa, sai ya manne wa fayitet ɗin a hanji, fayitez ya rasa ta inda zai kama. Kun biya kuɗin magani, kun kuma toshe masa hanya da hannunku. Wannan asara na ba ni tausayi ƙwarai, ganin yadda masara ke tsada. Haka ma mai zuba wa buroila abincin masu ƙwai don ya rage a sito: kalsiyam ɗin wannan abincin ya kai kashi 4 cikin 100, kuma ƙodar ɗan tsako ba za ta ɗauka ba.

Ku auna da sikeli, a bar mudu da ƙiyasin ido. Fayitez kuwa zafi da danshi na rage masa ƙarfi, kada ya kwana a shago mai rufin kwano cikin zafin Afrilu. Tunda ɗan kaɗan ake sawa a tan guda, ku fara cuɗa shi da ɗan garin masara, sannan ku juye cikin babban haɗin, don kowane buhu ya samu rabonsa.

Wassalam.