Daga Ajinmu: Ina Ungulu Ta Tafi?

A wannan wata za mu ba ku labarin abin da ya faru a ajinmu na 'yan shekara bakwai da takwas a nan Mai'adua.

Wata uwa ta kawo mana littafi mai hotuna na labarin jirgin Nuhu. Muka buɗe shi gaban yara muna nuna dabbobin ɗaya bayan ɗaya. Sun san zaki, sun san giwa, ko da yake a talabijin ko a wayar iyayensu kaɗai suka gan su. A gefen shafin kuwa akwai wata tsuntsuwa mai sanƙon kai. Muka ce, "Wannan fa?" Aji ya yi tsit. Wani ya ce zabuwa ce, wata ta ce talotalo. Ba ko ɗaya da ya ce ungulu.

Abin ya dame mu ƙwarai, gama sa'ad da muke kamarsu ba ka zuwa mahauta ranar kasuwa ba ka tarar da ungulaye jere bisa katanga ba. Yau ka yi wata guda kana duban sama, da ƙyar ka ga ɗaya. A shekarar 1996 ma akwai su da dama, amma a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa. Ana sa musu guba, ana kama su domin masu sayen kai da ƙafa don tsafi da magani, ana kuma sare dogayen itatuwan da suke sheƙa a kai. Ungulu kuwa ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, saboda haka idan an kashe ɗaya, ba a mai da gurbinta da sauri.

Wani zai ce, ina amfanin ƙazamar tsuntsuwa? Ita ce mai sharar gari. Takan cinye mushe kafin ya ruɓe, cikinta kuma yana kashe ƙwayoyin cuta masu yawa. A ƙasar Indiya, daga wajen 1990 zuwa gaba, wani maganin da ake ba shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu. Mushe ya taru, karnukan banza suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Sai a 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin. Garin da yake da babbar kasuwar dabbobi kamar namu ya kamata ya ɗauki darasi.

Da muka ga littafin da muke bukata ba ya kasuwa, sai muka ce bari mu yi namu. Muka sami kwali da takarda da zare. Kowane yaro aka ba shi shafi ɗaya, aka aike shi wurin kakarsa ko wani dattijo ya tambayo dabba ɗaya da ake gani a da, ya zana ta, ya rubuta sunanta da abincinta da amfaninta. Suka dawo da barewa, da dila, da bushiya, da gauraka, da shamuwa mai kawo albishirin damina.

Ran nan wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai kan ungulu kuɗi ne, kawuna yana saye." Ba mu tsawata masa ba, ba mu kuma zagi kawunsa ba, gama ba daidai ba ne a koya wa yaro raina manyansa. Muka ba shi shafin ungulu. Ya zana mushen jaki sau biyu, ɗaya da ungulu, ɗaya da ƙudaje da karnuka, ya tafi da shi gida ya nuna.

A shafi na ƙarshe muka sa raƙumin dawa, domin yara su san ba a makara ba. A Kure, kusa da Yamai a ƙasar Nijar, a 1996 saura kamar 50 suka rage a dukan Afirka ta Yamma. Gwamnati ta hana farautarsu, manoma suka yarda su zauna tare da su, har suka wuce 600. A 2018 aka ɗauki takwas aka kai dajin Gadabeji a jihar Maradi, maƙwabtanmu.

Littafin Farawa ya nuna mana an sa Adamu ya lura da gonar, shi ne kuma ya raɗa wa dabbobi suna. Yaron da bai san sunan tsuntsuwa ba, ba zai ji zafin ɓacewarta ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, ga roƙonmu. Da dare bayan tuwo, ku ɗauki minti goma ku dubi hotuna tare da yaranku, ku faɗa musu sunayen dabbobi da Hausa. Idan kun ga danƙo a hannun ɗanku, ku tambaye shi me ya harba, don me kuma. Duk gidan da ya yi nasa littafi ya aiko mana da shafi ɗaya, za mu nuna wa ajinmu. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.